Yadda Ake Feshin Fenti A Samfurin Jirgin Yaƙi, Daga Shimfiɗar Farko Zuwa Banish

Masu haɗa ƙananan samfuran jiragen yaƙi na roba sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: an gama haɗa jirgi tsaf, to yaya ake fesa masa fenti ya fito sumul, ba gurje-gurje, ba zirara? Ga amsar daki-daki. Misalin da za mu bi shi ne Spitfire Mk.Vb a ma'aunin 1/48, wato an rage girman jirgin gaske sau 48, wanda kamfanonin Tamiya da Airfix da Eduard duk suke yi, da launukan da rundunar saman Birtaniya ta koma wa a watan Agustan 1941: toka mai haske a ciki, toka mai duhu da kore a baya. Wanda ya iya wannan zai iya kowane jirgi, domin abu biyu ne ke riƙe da aikin gaba ɗaya. Na farko, fenti ya zama tsararo, a yi ta bin sa sama-sama har ya rufe. Na biyu, a san wane ruwa ne zai iya hawa kan wane ba tare da ya narkar da na ƙasa ba.

Kayan aiki da abin da za su ci

Alƙalamin feshi, wanda masu sana'ar ke kira eyaburosh. Nemi mai ƙoƙon fenti a sama, mai kunama mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Bakin milimita 0.3 ko 0.35 ya wadatar da komai a 1/48 da 1/72. Kada ka fara da 0.2, yawan toshewarsa zai sa ka tsani aikin. Na Sin marasa suna suna kaiwa dala 15 zuwa 30, suna feshi, amma zaren bakinsu ba ya jure sa da cirewa. Iwata Neo CN na wajen dala 60 zuwa 80, Harder & Steenbeck Ultra wajen dala 100, Iwata Eclipse HP-CS wajen dala 150. In aljihu zai ɗauka, ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ya fi, saboda bakinsu zura shi ake yi ya zauna da kansa, ba shi da siririn zaren da ke karyewa. Mun sa farashin a dala ne don naira da sefa ba sa zama wuri ɗaya.

Kwamfuresa. Irin AS-186 mai tankin lita 3, da agogon awon iska, da matattarar ruwa, tana kaiwa dala 80 zuwa 120. Tankin shi ke sa iska ta riƙa fita bai ɗaya, ba tana bugawa ba. Tana kashe kanta in ƙarfin iska ya kai ba 4 (bar, ma'aunin ƙarfin iska), ta tashi in ya sauko ba 3, kuma ƙaramar inbata na iya ɗaukarta. Duba jikinta kafin ka biya: mai bolt 220 zuwa 240 kake so. In aka aiko maka ta kasuwar Amurka mai 110 ka jona ta a wutarmu, ta ƙone ke nan.

Fenti da tina. Na Tamiya mai lambar XF, kwalbar mililita 10, wajen dala 3: XF-83 na cikin jirgi, XF-82 da XF-81 na baya, XF-21 na ɗamarar gaban wutsiya da hancin farfela, XF-71 na mazaunin matuƙi, sai fari XF-2, ruwan ɗorawa XF-3, baƙi XF-1 da ruwan ƙasa XF-64. Banish mai sheƙi X-22, marar sheƙi XF-86. Tinar da za ka tsarma su ita ce X-20A ko Mr. Color Leveling Thinner. Shimfiɗar farko kuwa Mr. Finishing Surfacer 1500. Yawancin masu aiko kaya ta jirgin sama ba sa ɗaukar tina da fenti mai kama wuta, don haka ka tambaya tun kafin ka yi oda.

Ƙananan kaya: tef ɗin Tamiya na milimita 6 da 10 da 18, Blu Tack (danƙo mai laushi da ake murzawa kamar ƙullu), samfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, sabuwar reza mai tsini, audugar kunne, tsinken sakace, sirinji na awo, alkohol na isofurofil, cokulan roba na gwaji, da babbar roba mai murfi.

Takunkumi mai katirij na tururin sinadari. Takunkumin asibiti ba ya tare tururin tina ko kaɗan. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

1. Gyara wurin aiki

Kusa da taga, fanka na jan iska waje, ba tana hura ta kan jirgin ba. Kwali babba da aka yanke gefe ɗaya ya isa rumfar feshi. Fitila ta zo daga gefe don ka riƙa ganin danshin fenti yana sauka.

Gargaɗi: tururin tina na kama wuta. Ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa, ba risho a ɗakin. Yara su fita.

Yanayi na da ruwa da tsaki a aikin nan. A zafin bazara da lokacin hunturu iska busasshiya ce, fenti na bushewa tun bai isa jikin roba ba, ga ƙura. Yi feshi da sassafe, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kuma da ka ajiye alƙalami ka kife roba a kan jirgin. Da damina matsalar ta juye: ruwa na taruwa a tiyo, banish na yin hazo. Zubar da ruwan matattara kafin kowane zama.

2. Koyi hannu kafin ka taɓa jirgi

Saita awon iska kana danne da kunama, domin allurar agogon na sauka da zarar iska ta fara fita. Fara da psi 15 zuwa 18 a agogon (psi ma ma'aunin ƙarfin iska ne), wato ba ɗaya da ɗan ɗori.

Jerin motsin yatsa guda huɗu ne, kuma ba a sauya shi: danna iska, ja fenti, mayar da fenti, saki iska. Wanda ya saki iska fenti na buɗe zai bar ɗigo a kan allura, ɗigon nan kuma shi zai fara faɗawa kan fiffike in ya sake dannawa. Haka nan kullum fara hura iska a gefe, hannu na tafiya, kafin ka shigo kan jirgin.

Tsarmawa: tina ce ke fara shiga ƙoƙo, sannan fenti, don kada mai kauri ya gangara ya toshe baki. Ga Tamiya, kashi 1 na fenti da kashi 1.5 zuwa 2 na tina. Kaurin ya zama kamar na shayin da aka sa wa madara: in ka ja ɗigo a bangon ƙoƙo da tsinke, ya gangara nan da nan ya bar siririn launi da ake hango ƙarfe ta cikinsa. A wurin zafi Leveling Thinner ta fi X-20A nesa ba kusa ba, saboda tana jinkirta bushewa har fenti ya kwanta.

Gargaɗi: tinar masu fentin mota tana cin robar samfuri, ta bar ta da laushi da ƙuraje. Kada ta shiga fentinka. Sannan in fentin kamfanin Vallejo kake amfani da shi, nasa ruwan daban ne: ɗigo 10 na Model Air, 2 ko 3 na tinarsa, 1 na Flow Improver. Ka zuba masa alkohol ko X-20A, sai ya dunƙule cikin alƙalami.

Fesa a bayan cokali daga nisan santimita 5 zuwa 8, ka karanta abin da ya fito. In ya yi gurje kamar yashi, ka yi nisa, ko iska ta yi yawa, ko tina ta yi kaɗan. In ya fantsama ya yi ƙafafu ta ko'ina, ka matso da yawa ko ka ja kunama fiye da kima. In yana tofar da ɗigo-ɗigo, fenti ya yi kauri, ko ya bushe a tsinin allura, ko ruwa ya biyo tiyo. In kumfa na tasowa a ƙoƙo, baki bai zauna ba ko ya tsage. Gyara abu ɗaya kawai, ka sake gwadawa. Mai sauya iska da tina da nisa lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi magani ba.

3. Shirya jikin jirgin

Mazaunin matuƙi ana fesa shi da XF-71 tun kafin a haɗa ɓarin jiki biyu. Bayan haɗawa, bi layin gam da samfefa 400, sai 600, sai 1000, da ɗan ruwa. Tsagogin jikin jirgi, wato siraran layukan da ke nuna mahaɗar faranta, waɗanda samfefa ta shafe ka sake jan su da tsinin allura, kana bin gefen tef mai kauri.

Gilashin matuƙi: manna tef, bi gefen firam da tsinken sakace har layin ya fito, yanka da sabuwar reza ba tare da dannawa ba. Manna gilashin da farin gam na kafinta. Sufa gulu na fitar da tururi da ke sa gilashi ya yi fari daga ciki, kuma da wuya ya gyaru. Cusa soso a ramukan taya da bakin radiyeta in ka riga ka yi musu fenti. Farfela, ƙafafun sauka, salansa da eriya duk a bar su gefe, a yi musu nasu daban a kan tsinke.

Goge jikin da alkohol, daga nan kuma kada yatsa ya sake taɓa shi. Zura sanda ta hancin jirgin ta zama mariƙi, ko ka sa safar hannu. Maiƙon yatsa shi ne babban dalilin da ke sa tef ya ɗago fenti daga baya.

Kafin shimfiɗar farko, fesa XF-71 a kan firam ɗin gilashi. Shi ne launin da za a hango daga ciki.

4. Shimfiɗar farko

Surfacer 1500 kashi 1, Leveling Thinner kashi 2, psi 15 zuwa 18. Fara da lungunan da fiffike ya haɗu da jiki, domin nan ne iska ke juyawa ta bar busasshen gari: rage iska, ka matso. Sauran jikin bi biyu ko uku sama-sama, minti biyar tsakani.

Bayan awa biyu ka karkata jirgin a gaban fitila. Duk layin gam da ya ɓuya zai fito fili. Cike, goge, sake fesa wurin. Fenti ba ya rufe aibu, ƙara nuna shi yake yi. In ka shafa da safar hannu ka ji kaushi, bi shi da samfefa 2000 a jiƙe. Bar shi ya kwana.

5. Wanke alƙalami

Mun sa wannan a nan ne don Surfacer in ya bushe a ciki sai an sha wahala. Tsakanin launi da launi: zubar da ragowar, goge ƙoƙo da tishu, zuba tina, toshe gaba da yatsa ka ja kunama kaɗan don ruwan ya yi kumfa ya koma baya, zubar, sake zuba sabuwa ka fesa a tulu mai murfi har ta fito fes.

In an tashi daga aiki: kwance notin baya, zare allura a hankali, goge ta daga gindi zuwa tsini. Cire baki, jiƙa shi a tina, share cikinsa da takarda da aka murɗe ta yi tsini. Kada ƙarfe ya shiga cikin baki. In za ka mayar da allura, tura ta har ta taɓa kawai. Dannawa da ƙarfi na buɗe bakin ya tsage, daga nan fenti zai riƙa fita ko ba ka ja kunama ba.

Gargaɗi: kada ka tsoma alƙalamin gaba ɗaya a tina, zoben robar da ke bawul ɗin iska zai kumbura. Ruwan goge gilashi mai amoniya kuma yana cin farin ƙarfen da aka lulluɓe ƙoƙo da shi. Tankin kwamfuresa na da noti a ƙasa: buɗe shi lokaci-lokaci ruwa ya fita, in ba haka ba tsatsa ta ci shi daga ciki.

6. Inuwar ƙarƙashi

Jirgin da ya sha rana da ruwa launinsa ba ya zama bai ɗaya. Hanyar da aka fi sani ita ce a bi tsagogi da siririn baƙi a kan shimfiɗa mai toka, sannan a rufe da launi tsararo har inuwar ta rage kaɗan. Tana aiki, amma in an bi kowane layi daidai wa daida jirgin kan fito da gidaje-gidaje da babu su a jirgin gaske.

Wadda ta fi ita ce a yi shimfiɗar farko da baƙin Surfacer, sannan a tsarma launin jiki kashi 1 da tina kashi 3, a rage iska zuwa psi 10 ko 12, a matso santimita 2, a yi ta zana ƙananan murɗe-murɗe marasa tsari a cikin kowane fili da tsagogi suka zagaye. Daga baya a bi da mayafin launin daga nesa kaɗan. Ka tsaya tun kana ganin kamar dabbare-dabbaren ya ɗan yi yawa, domin banish da tambari, wato alamomin jirgin da ake jiƙawa a manna, za su cinye rabinsa.

7. Launuka, daga mai haske zuwa mai duhu

Fara da ƙananan wurare. Ɗamarar da ke gaban wutsiya faɗinta inci 18 ne a jirgin gaske, wato milimita 9.5 a 1/48. Fesa XF-21 a wurin, ya bushe, ka naɗe shi da tef da aka yanka daidai awon. Tef mai faɗi ba ya zagaye jiki mai tsukewa ba tare da ya tattare ba, don haka ka fitar da gefe biyu da sirara na milimita 1 ko 2, sannan ka cike tsakiya. Gaban fukafukai kuma ruwan ɗorawa ne: fesa fari tukuna, sannan XF-3 da aka ɗiga wa ɗan ja kaɗan. Ruwan ɗorawa ba ya rufe duhu ko an yi bi goma. Shi ya sa ake fara yin sa a rufe, maimakon a bar shi ƙarshe.

Sai cikin jirgi da XF-83. Kowane bi ya hau rabin na bayansa, hannu ba ya tsayawa. Bi uku ko huɗu. Ba shi aƙalla awa shida, kwana ya fi, kafin tef ya hau.

Gargaɗi kan tef: manna shi a tafin hannu sau biyu don ƙarfin gam ya ragu. Danne gefensa da tsinke. Salatif na shago da tef ɗin masu fentin gida suna ɗago fenti, su bar gam.

Rufe ciki, ka fesa bayan jirgin duka da XF-82. Riƙe alƙalami ta yadda iska za ta bi ta kan tef ta sauka, ba ta tunkari gefensa ba, in ba haka ba za ta cusa fenti ƙarƙashi. Bin farko a gefen tef ya zama kusan busasshe, shi zai toshe kafar.

Yanzu kore, wurin da aka fi ɓata aiki. Iyakar launukan Spitfire a matse take, laushinta kaɗan ne, don haka feshi da hannu ba tare da rufi ba kan fito da hazo mai faɗin da ya wuce ma'auni. Ga yadda ake yi. Kai takardar zanen da ke cikin kwali wurin mai fotokwafi ya ƙara girmanta har faɗin fukafukai ya kai santimita 23.4, wanda shi ne mita 11.23 na jirgin gaske in an raba da 48. Da ita za ka san inda kowace iyaka ta bi. Murza Blu Tack ya zama igiya mai kaurin milimita 3, ka shimfiɗa a kan iyakokin, ka rufe wuraren da za su zauna a toka da guntayen tef. Duba sau biyu cewa ɓangaren da ka rufe shi ne na toka, mutane da yawa sun fesa a juye.

Fesa XF-81 a psi 12 zuwa 15, alƙalami a tsaye cak bisa jikin jirgin. Zagayen igiyar ne ke barin ɗan laushi a iyaka. In ka karkata nan ka miƙe can, wani wuri zai yi kaifi wani ya yi hazo. Igiya siririya na ba da iyaka mai kaifi, mai kauri na ba da mai laushi.

Cire rufi bayan minti 20 zuwa 30, kada ya kwana, musamman a zafi, domin Blu Tack na barin tabon maiƙo. Ja tef a kwance, yana komawa kan kansa. Inda fenti ya yi tudu a gefen tef, shafa shi da samfefa 2000 a jiƙe bayan ya bushe sarai. Inda ya ɗago, goge gefen ramin ya kwanta kafin ka sake fesawa. Tef ɗin gilashi kuwa yana nan har ƙarshe.

8. Banish mai sheƙi

Fenti marar sheƙi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In tambari ya hau kai, iska na maƙalewa a ƙarƙashi, fatar tambarin ta riƙa ƙyalli fari-fari. Maganin shi ne X-22 kashi 1, Leveling Thinner kashi 2. Bi ɗaya sama-sama, jira minti goma, sannan bi mai danshi, hannu a hankali, har ka ga hasken fitila ya kwanta a jiki. Da ka ga haka wuce gaba, daƙiƙa ɗaya ce tsakanin sheƙi da zirara. Kife roba, bar shi awa 24. In ka shinshina ka ji warin tina, bai gama ba.

9. Tambari

Yanka ɗaya bayan ɗaya. Tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ɗora a tishu har ya fara zamewa da kansa. Shafa Micro Set, ruwan da ke sa tambari ya kama, mai shuɗin rubutu a kwalba, a wurin. Zamar da tambarin daga takarda kai tsaye zuwa jiki, daidaita da jiƙaƙƙen buroshi, mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Sannan Micro Sol, mai jan rubutu, a kai.

Gargaɗi: bayan Micro Sol tambarin zai tattare ya yi muni. Kada ka taɓa. Ya yi laushi ne, taɓawa ɗaya zai yage. Cikin 'yan awoyi zai miƙe ya shige tsagogi. Inda ya hau tudun bindiga a fiffike ya ƙi kwanciya, huda shi da tsinin allura ka ƙara ruwan.

Washegari goge tabon ruwa da danshin tsumma, ka rufe da X-22. Bin farko ya zama ƙura-ƙura, domin tina mai yawa a lokaci guda na iya cin tambari.

10. Tsagogi, hayaƙi da ƙujewa

A nan ne maganar wane ruwa ke hawa kan wane ta fi muhimmanci. Ruwan da ake zubawa a tsagogi na enamel ne, kamar Tamiya Panel Line Accent Color, kuma tinarsa ba ta narkar da X-22 da ya bushe. Shi ya sa ake iya goge shi fentin ƙasa na nan lafiya. Taɓa tsinin buroshi a tsaga, ruwan zai bi layi da kansa. Ruwan ƙasa mai duhu a baya, toka mai duhu a ciki. Baƙi wuluk a kan toka mai haske ya cika tsauri. Bayan minti 15, goge da audugar kunne mai ɗan danshin X-20, daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi.

Gargaɗi biyu. X-20 na enamel ne, X-20A na akirilik, irin fenti da banish ɗin da muka fesa. Harafi ɗaya ya raba su, amma in ka goge da X-20A za ka kwashe banish da fenti. Na biyu, tinar enamel in ta taru a mahaɗa tana sa roba ta yi gautsi ta karye, musamman ƙafafun sauka. Matse audugar a tishu tukuna.

Hayaƙin salansa: XF-1 da XF-64 rabi da rabi, kashi 1 da tina kashi 9, psi 10. Fara daga bakin salansa ka ja baya kana sakin kunama, layin na ɗan lanƙwasawa ƙasa ta saman gindin fiffike. Bi goma marasa ƙarfi sun fi ɗaya mai ƙarfi. Ɗan toka mai haske a tsakiyar, kusa da salansa, na ƙara masa kama da gaske. A cikin jirgi kuma, ɗigon fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, a ja shi baya da buroshi mai danshin tina, shi ne yoyon man inji.

Ƙujewa: fensir mai ruwan azurfa, ko guntun soso da aka tsoma a XF-16 mai launin alminiyom, aka goge har ya kusa bushewa. Sa shi inda ƙafa da hannu ke taɓawa: gindin fiffiken hagu, ta inda matuƙi ke hawa, gefen ƙofarsa, notunan murfin inji, da murafen bindigogi. Kada azurfa ta hau filafilan da ke motsi a wutsiya, domin ƙyalle aka lulluɓe su da shi. Farfela ma duba wadda ka ɗora: ta kamfanin de Havilland ƙarfe ce, amma yawancin na kamfanin Rotol katako ne da aka matse, ba sa nuna farin ƙarfe. Hoton jirgin gaske ya zama jagoranka, kuma ka yi ƙasa da abin da ranka ke so.

11. Banish na ƙarshe

Ba fentin mai kwana biyu ya bushe. Sannan XF-86 kashi 1, tina kashi 2, psi 15, daga santimita 8 zuwa 10, bi biyu ko uku marasa danshi sosai. In kana son ɗan sheƙi kaɗan, wanda ya fi dacewa da jirgin da ake gogewa, haɗa XF-86 kashi 3 da X-22 kashi 1.

Gargaɗi: X-21 Flat Base ba banish ba ne, garin kashe sheƙi ne da ake ɗigawa cikin wani fenti. Wanda ya fesa shi shi kaɗai zai ga jirginsa ya koma fari fat. XF-86 ma na iya yin hazo in an labta shi ko an fesa ana ruwan sama. In hakan ta faru, bi shi da X-22 mai danshi, hazon zai ɓace, sai ka sake a ranar da gari ya bushe.

Ga masu jirgin da ba a yi wa fenti ba, irin P-51 Mustang mai jikin alminiyom, matakai na 4 zuwa 7 ne ke sauyawa: shimfiɗa baƙa mai sheƙi da aka goge sumul, sannan Alclad II ko AK Xtreme Metal ba tare da tsarmawa ba, psi 12 zuwa 15, sama-sama. Irin wannan jiki ba a kashe masa sheƙi da XF-86.

12. Cire tef ɗin gilashi da ɗora ƙananan kaya

Bi gefen tef da tsinin sabuwar reza a hankali don ka yanke fatar fenti da banish da ta haɗe shi da firam, in ba haka ba zai taho da fentin firam ɗin. Ɗaga kusurwa da tsinken sakace, ka ja da hantsaki. Fentin da ya ɓulla kan gilashi kankare shi da tsinke, ragowar gam kuma dangwala masa sabon tef ya ɗauke. Kada tina ko wace iri ce ta taɓa gilashi.

Kankare fenti daga wuraren da gam zai kama, domin gam ɗin roba ba ya riƙe fenti. Ɗora ƙafafun sauka, ka duba jirgin ta gaba ka tabbata fukafukan biyu tsayinsu ɗaya daga tebur kafin gam ya kama, ka tallafe shi da kwalaben fenti ya kwana. Sai salansa, farfela, bututun awon gudu a ƙarƙashin fiffiken hagu, madubi da sandar eriya. Fitilun bakin fiffike, ja a hagu, kore a dama, ɗigon azurfa ne a ƙasa da X-27 ko X-25 a kai, kuma bayan banish marar sheƙi ake yin su don su riƙe ƙyallinsu.